Alhaki Kwikwiyo: Wasan Sinima A Kan Auren Da Ya Lalace

Wasan sinima, wanda yanzu aka fi kira fim, ba iri ɗaya ba ne. Akwai na faɗa da tseren motoci, wanda yara su ke so domin ba ya barin ido ya huta. Akwai kuma wani iri mai tafiyar hawainiya, wanda za a yi sa'a guda ana kallo ba a ga an zare wuƙa ko an harba bindiga ba. Abin da a ke nunawa a cikinsa shi ne halin mutane, watau miji da mata a gida ɗaya, da abin da su ke ce wa juna, da abin da su ke ƙin faɗi, da yadda zamansu ya ke ruɓewa kaɗan kaɗan har ya kai inda ba ya gyaruwa. Turawa sun yi irin wannan da yawa. Wanda ya yi suna ƙwarai shi ne na Ingmar Bergman, mutumin ƙasar Suwidin, wanda aka nuna kashi shida a talabijin ɗin ƙasarsu cikin shekarar 1973, a kan wani miji, Johan, da matarsa Marianne, waɗanda suka kashe aurensu amma suka kasa rabuwa da juna.

Hausawa ma suna da nasu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Alhaki Kwikwiyo, wanda Abdulkarim Muhammad ya shirya a Kano cikin 1998. Sunan ya fito ne daga karin magana, inda a ke kamanta alhaki da kwikwiyo, watau ɗan kare, domin ko ina mai shi ya tafi sai ya bi shi har gida. Alhaki kuwa shi ne nauyin zaluncin da mutum ya yi wa wani, wanda ba ya sauka daga kansa sai an yafe masa ko an saka masa.

Marubuciyar da littafinta

Tushen wasan littafi ne, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta wallafa cikin 1990. Ita mutuniyar Kano ce, ƙanwar Janar Murtala Muhammed, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1975 har aka kashe shi a watan Fabrairu na 1976. An cire ta daga makaranta tana 'yar shekara 13 aka yi mata aure, auren kuwa bai daɗe ba ya mutu. Daga baya ta koma karatu a makarantar yaƙi da jahilci, har ta zama ɗaya daga cikin matan da suka fara rubuta littattafan nan da a ke kira na soyayya, ko adabin kasuwar Kano. Littafinta na fari, Budurwar Zuciya, ya fito cikin 1987. Cikin 2012 Aliyu Kamal ya juya Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga shi, saboda haka ɗalibi yana iya ajiye Hausar da Turancin gefe da gefe. Labarin da za a kawo nan shi ne yadda ta tsara shi a littafin.

Labarin Rabi da Alhaji Abdu

Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne a Kano, mai rufin asiri. Matarsa Rabi tana da yara 9 da za ta ciyar, kuma tana riƙon wata 'yarsa da ya haifa da wata mace, ba ta bambanta ta da nata. Kullum da safe ya kan ba ta naira 5 kuɗin cefane, shi kuwa ya fita ya kashe fiye da naira 10 a kan cikinsa da matan banza. Abin da ya kasa, Rabi ce ke cikawa da sana'ar sayar da abinci, da ita kuma ta ke biyan kuɗin makarantar yara.

Ana nan sai Alhaji ya ce zai ƙara aure. Wadda ya kawo ita ce Delu, tsohuwar karuwa. Ba a daɗe ba rigima ta tashi tsakanin matan biyu, sai ya goyi bayan amarya, ya saki Rabi, ya kore ta tare da yaran. Rabi ta kama sana'arta hannu bibbiyu, har ta tsaya da ƙafafunta. 'Yarta Saudatu ta auri wani attajiri, Alhaji Abubakar. A can kuwa Alhaji Abdu ya yi ta ɓatawa da 'yan'uwa da abokai saboda Delu, har ran da gobara ta tashi a kasuwa ta cinye dukiyarsa. Da abin hannu ya ƙare, Delu ta juya masa baya. Sai ya tuna da Rabi, ya zo neman ta komo. Ba ta so, amma manya suka taru a kanta har ta koma.

Labarin ke nan a taƙaice, kuma wanda ya ji shi haka zai ce ai ba wani abu ba ne sabo. Gaskiya ne, ba sabo ba ne. Daɗinsa yana cikin ƙananan abubuwan da baƙo zai iya wucewa bai lura ba, in bai san ma'anarsu ba.

Kuɗin cefane

Cefane shi ne sayen kayan miya na yini, watau nama da mai da gishiri da daddawa da tattasai da sauransu. A gidan Bahaushe mai hali, hatsi yana ajiye, kuɗin cefane ne a ke bayarwa kullum. Bisa shari'ar Musulunci, wadda Hausawa su ke bi a kan mazhabar Malikiyya, ci da sha da tufafi da wurin kwana duk suna wuyan miji, ko da matar ta fi shi dukiya. Abin da mace ta samu da sana'arta kuwa nata ne, ba a tilasta mata ta sa shi cikin tukunyar gida. To, sa'ad da mai kallo Bahaushe ya ga miji ya ajiye abin da ba zai isa ba ya sa kai ya fita, ba rowa kaɗai ya ke gani ba. Yana ganin mutum ya sauke farillar da Allah ya ɗora masa, ya aza ta a kan wadda ba ta da ikon ƙi.

Nan ne cutar wannan aure ta ke. Rabi ba za ta bar yara da yunwa ba, saboda haka sai ta cika. Tun da ta cika, tuwo ya sauka da dare, maƙwabta ba su ji kome ba, Alhaji kuma ya ga ashe naira 5 tana isa. Gobe ma haka. Watau kirkinta shi ne ke ciyar da mugun halinsa. Hausa tana da kalma biyu masu daraja da suka taru a nan. Ɗaya haƙuri, wanda shi ne wasiyyar da a ke yi wa kowace amarya ran da za a kai ta ɗakinta. Ɗaya kuma rufin asiri, watau kada na waje ya san abin da ke cikin gida. Duka biyu halaye ne na yabo, amma a gidan Alhaji Abdu sun zama igiyar da aka ɗaure Rabi da ita, kuma da hannunta a ke ƙara tamke ta kowace safiya.

Irin wannan cuta ba ta nunuwa da gaggawa. Mari ɗaya, ana iya nuna shi cikin ƙiftawar ido. Amma wulaƙancin da a ke yi da naira 5 sai an maimaita shi, yau da gobe da jibi, kafin mai kallo ya ji nauyinsa. Dalilin tafiyar hawainiya ke nan a irin waɗannan wasanni.

Ɗalibi ya kuma kasa kunne ga yadda a ke kiran juna. Matar Bahaushe ba ta cika faɗin sunan mijinta ba, sai ta ce Maigida, ko Malam, ko Alhaji in ya je Makka. Shi kuwa yana iya kiran sunanta kai tsaye. Saboda haka ko tana cikin fushi, da kalmar girmamawa za ta fara magana, kuma ɗan wasa mai gwaninta ya kan zuba duk ɓacin ran cikin yadda aka ja kalmar nan ɗaya, Alhaji.

Aure na biyu

Akwai ma'aurata biyu a labarin, miji ɗaya. Zaman Alhaji Abdu da Delu shi ne zamansa da Rabi aka juya shi baibai. A wurin Rabi yana karɓa ba ya bayarwa, a wurin Delu yana bayarwa ba ya samun kome sai raini. Wadda ta rufa masa asiri ya wulaƙanta, wadda ta ke tona masa asiri ya ke lallashi. Ba ƙarin auren ne laifinsa ba, gama shari'a ta halatta wa namiji mata har huɗu. Sharaɗin shi ne adalci wajen kwana da ciyarwa, wanda ya kasa ciyar da ɗaya kuwa ya riga ya faɗi tun bai kawo ta biyu ba. Kalmar kishiya, watau abokiyar zaman mace a gidan miji ɗaya, daga kishi ta fito, kuma mutane sun saba ɗora laifin rigimar gida a kan kishin mata. Balaraba ta mai da laifin inda ya taso, watau wurin maigida.

Saki da kome

A nan ma akwai kalmomin da ya kamata a rarrabe. Yaji shi ne mace ta yi fushi ta tafi gidan iyayenta, aure yana nan. Biko shi ne miji ya bi ta, ko ya aiki manya, a ba ta haƙuri ta dawo. Saki shi ne yanke igiyar aure, igiyoyin kuwa uku ne. Bayan saki sai idda, wadda ga yawancin mata ta kan kai kamar wata uku, ga mai ciki kuwa sai ta haihu. In saki ɗaya ne ko biyu, shari'a ta ce matar ta yi iddarta a gidan mijin, yana ciyar da ita, kuma yana da ikon mai da ita kafin iddar ta cika. In ta cika, ta zama bazawara, ba shi da sauran iko a kanta. In yana son ta komo, sai da yardarta, da sabon sadaki, da sabon ɗaurin aure. Wannan dawowa ita a ke kira kome. In kuwa saki uku ne, babu kome sai ta auri wani sun rabu.

Wanda ya san wannan zai ga laifin Alhaji Abdu hawa hawa ne. Ya kori mace daga ɗakin da shari'a ta ba ta. Ya kori 'ya'yansa, alhali ciyar da su yana wuyansa ko da uwarsu ta fita. Sa'an nan zai gane abin da ke sa ƙarshen labarin ɗaci. Shari'a ba ta tilasta wa bazawara ta auri wanda ba ta so. Abin da ya mai da Rabi shi ne maganar mutane: uban 'ya'yanki ne, ki dubi yara, ki dubi Allah, me duniya za ta ce? Ta fita daga gidan ba ta da kome, ta koma tana da sana'a da daraja, ta tarad da miji wanda ba shi da kome. Cefanen da ta ke cikawa a ɓoye, yanzu ya zama nata a sarari.

Wannan ba zancen littafi kaɗai ba ne. Yawan mutuwar aure ya daɗe yana damun hukuma a Kano. Cikin 2012 gwamnatin jihar, ta hannun hukumar Hisba, ta fara aurar da zawarawa a taro ɗaya, ta soma da ɗari. Cikin 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya yi maganar a kafa doka da za ta hana wanda ba shi da halin riƙo ya ƙara aure, aka yi ta gardama a kan haka.

Daga littafi zuwa kaset

Gidan sinima ya daɗe a Kano, gama an buɗe Rex tun 1937. Amma wuri ne na maza, macen kirki ba ta zuwa, kuma yawancin abin da a ke nunawa na Amurka ne da na Indiya. Abin da ya sauya al'amarin shi ne kaset na bidiyo. Cikin 1990 ƙungiyar wasa ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda a ke lissafa shi na fari cikin finafinan Hausa na bidiyo da aka kai kasuwa. Daga nan wasa ya shiga har tsakar gida, matan kulle suka zama manyan masu kallo. Su ne kuma masu karanta littattafan soyayya, shi ya sa masu shirya wasa suka juya ga waɗannan littattafai neman labari.

Wasannin farko ba su da kuɗi da yawa. A gidajen mutane a ke ɗaukarsu, a zaure da tsakar gida da ɗaki, magana kuwa ita ce jarinsu. Rashin kuɗin ya dace da irin labarin Rabi, domin ba ya bukatar kome sai tabarma da murhu da mutum biyu. Amma shigar na'urar ɗaukar hoto cikin ɗakin matar aure ta jawo surutu, gama abin da a ke karantawa a ɓoye dabam ya ke da abin da a ke kallo tare da yara da surukai. Bayan fitowar Sangaya cikin 1999, rawa da waƙa irin na Indiya suka mamaye kasuwa. A ƙarshen shekarar 2000, bayan an ƙaddamar da shari'a a Kano, gwamnati ta dakatar da harkar fim, sa'an nan cikin 2001 ta kafa hukumar tace finafinai.

Labarin a Jidda

Kaset ɗin Kano ba su tsaya a ƙasar Hausa ba, sun bi Hausawa duk inda su ke, har ƙasar Saudiyya. Hausawa sun daɗe a Hijaz. Da can a ƙasa a ke tafiya hajji, ta Barno da Chadi da Sudan, a ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin, tafiyar shekaru. Waɗansu ba su komo ba, musamman waɗanda suka yi hijira gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato cikin 1903. Jikokinsu da yawa sun zama 'yan ƙasa, ana kiransu da laƙabin Hausawi. Waɗansu kuma daga baya suka zo a jirgin sama, suka zauna neman abinci, su ne a gida a ke ce wa 'yan Takari. Jidda ita ce ƙofar Makka, kuma a unguwannin kudancinta, irin su Karantina da Gulel da Mada'in Fahad, baƙi masu ƙaramin ƙarfi daga ƙasashe dabam dabam suka taru, har da Hausawa. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukuma ta yi rusau a unguwannin Jidda fiye da 60, jama'a da yawa suka watse.

Ga matar da ke zaune a irin wannan wuri, labarin Rabi ya fi tsanani. Yaji yana bukatar gidan iyaye, biko yana bukatar manya. Wadda iyayenta ke Kano ko Maraɗi, in zama ya yi zafi, ina za ta? In kuma ba ta da takardar zama, wadda a ke kira igama, zuwa gaban alƙali ma abin tsoro ne gare ta. Sai ta yi haƙuri, ba don ta zaɓa ba.

Larabawan Jidda ma sun ba da irin wannan labari da bakinsu. An rufe gidajen sinima a Saudiyya tun farkon shekarun 1980, ba a sāke buɗewa ba sai watan Afrilu na 2018, a Riyad. A wannan shekara Mahmud Sabbag, haifaffen Jidda, ya fitar da wasansa Amra wal Ursus Sani, watau Amra da biki na biyu. Amra matar aure ce mai shekara 44, 'ya'yanta mata ne, tana kuma jinyar uwarta, sai ta ji mijinta yana shirin auro yarinya. Sabbag ya sa ban dariya mai ɗaci a nasa, Balaraba kuwa wa'azi ta sa a nata, amma matan biyu matsayinsu ɗaya: kowacce ita ke ɗauke da gidan, kuma kowacce ita ce ta ƙarshe da a ke shawara da ita. A watan Janairu na 2019 kotunan Saudiyya suka fara aika wa mace saƙo ta waya in an sake ta, domin an sha samun mazan da ke sakin matansu ba su sani ba.

Wa kwikwiyon ya bi?

Masu karatu da masu kallo sun rabu biyu a kan ƙarshen labarin. Waɗansu sun ce daidai ne: azzalumi ya ga sakayya tun a duniya, ya durƙusa gaban wadda ya wulaƙanta, mai haƙuri kuma ta ci riba, 'ya'ya sun koma gidan ubansu. Waɗansu sun ce a'a, gobara ta ci dukiyar Alhaji, amma wa aka ba aikin kwashe tokar? Rabi ce. A ganinsu marubuciyar da gangan ta bar ƙarshen haka, don mai karatu ya ji haushin da Rabi ba ta da damar nunawa, ya kuma tambayi kansa ko manyan da suka mai da ita ba su ɗauki nasu alhakin ba.

Ɗalibin da ke son ya auna Hausarsa, ya gwada kansa da kalmar nan haƙuri. In an ce wa Rabi ta yi haƙuri, wani lokaci ta'aziyya ce, wani lokaci roƙo, wani lokaci kuwa umurni ne wanda ba a musu da shi. Harufan ba su sākewa, sai dai mai faɗi, da wadda a ke faɗa wa, da abin da zai same ta in ta ƙi. Wanda ya iya rarrabe waɗannan uku da kunnensa, ya fara jin Hausar cikin gida, wadda ba ta cikin ƙamus.